Ɗan Dinya a Cikin Gora

In na ji mutane suna ba da labarin tatsuniyar kakanninsu, suna lumshe ido suna zancen farin wata da dariya, sai in yi shiru abina. Ni tawa kakar da tatsuniya take yin faɗa. Iya muke ce mata, ita ta haifi mahaifina, kuma duk unguwarmu ta bakin jinga a Haɗeja ba wanda bai san bakinta ba. Sana'arta bandar kifi. Masunta su kawo mata tarwaɗa da karfasa da la'asar, ta wanke, ta lanƙwasa, ta jera a kan waya, ana idar da sallar magariba ta hura wuta a ƙarƙashi. Wutar nan ita ce wutar hirarmu. Hayaƙi ya cika ido, ƙarni ya kama riga, sauro ya ja da baya, yaran gida da na maƙwabta su zagaye ta har a kira lisha.

Na ce su zagaye ta, ban ce mu zagaye ta ba. Ni ina gefe a kan tabarmata. Wata 'yar tabarmar kaba ce mai jan baki, kuma bakin nan nata shi ne iyakar duniyata. A kanta nake ci, a kanta nake zama, da safe a naɗe ta a kai ta shagon Baba a kasuwa a shimfiɗa min a gindin keken ɗinkinsa. Dokar Baba ce: ba gudu, ba tsalle, ba taɓa ƙasa, ba leƙa ƙofar gida, uwa uba ba zuwa inda ruwa yake. A garin da rabin shekara ruwa ne ke kewaye da shi, kun ji fa.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Kafin a haife ni an yi min wa, Sani, ruwan kududdufin bayan unguwa ya ci shi yana ɗan ƙarami, shekarar da gulbi ya yi ambaliya. Bayansa Umma ta haifi mace, ita ma zazzaɓi ya ɗauke ta tun tana goye. Da na zo, Iya ta ce a yi abin da aka gada, a kai ni juji a yar, wata tsohuwa ta tsinto ni, don mutuwa ta ɗauka ba a so na ta wuce. Baba ya ce camfi ne, ɗansa ba zai kwanta a kan shara ba. Ya raɗa min Yusuf. Iya ta ce ko oho, ita dai Ajuji ta sani, kuma har ta bar duniya da shi take kira na. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, wannan na yarda. Amma Baba ba shi ya gudu ba, ni ya ɗaure.

To, ga inda gizo yake saƙar. Baba ɗan fari ne. Tun ranar da Iya ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, ba ta haɗa ido da shi. In ya zo gaisuwa da safe ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta amsa tana kallon bango. In dole ta ambace shi, sai ta ce “telan nan” ko “wancan”. Matar da take iya tsayar da babban dillalin kifi a tsakiyar kasuwa ta wanke shi tas, ba ta da bakin da za ta ce wa ɗanta ka yi ko ka bari. Shi ma ba shi da bakin mayar mata. Tsakanin sashenta da namu zana ce kawai, kuma a bayan zanar nan Baba yake cin tuwonsa bayan magariba. Iya ta san da haka sarai.

Takan gyara itace, ta kalle ni ta gefen ido ta ce, “Ragon miji, an naɗo ka? Kai dai na yi asarar aure. Mazan wasu na can suna kamo musu fara, nawa yana zaune kamar tulun da aka jingine.” Yara su fashe da dariya, musamman Lami, 'yar ƙanin Baba, sa'ata, wadda ta laƙaba min Ɗan Ƙwai. Daga nan Iya ta ɗaga murya fiye da yadda ake bukata.

“Ga ta nan, ga ta nanku, har da na bayan zana.”

“Ta zo mu ji ta!”

Tana da tatsuniyoyi da yawa, na Gizo da na kura da na 'yan matan da suka je ɗiban ruwa. Amma tun da na fara wayo har ta bar gidan, ɗaya ce take komawa kanta kamar mai ƙaiƙayi, wato ta dinya.

Wai wata dinya ce a fadamar Baturiya, agwagwar daji mai yawan 'ya'ya. Wata shekara kada ya ɗauke mata ɗaya, shirwa ta sure ɗaya. Da ta sake ƙyanƙyasa sai ta samu guda tal. Ta ce wannan kam ba mai gani, balle ya ci. Ta je ta samo goran masunta, irin babban nan da suke kifa ciki a kai su bi ruwa, mai ɗan ƙaramin baki. Ta saka ɗan a ciki, ta ja goran ta ɓoye cikin ciyawar kacala. Kullum ta kawo masa tsutsa da shinkafar fadama ta zura masa ta baki, tana waƙa. Nan Iya takan matse murya ta yi ta siririya, don haushi:

“Ɗana, ɗana, zauna a gora,
Waje kada, waje shirwa.”

'Ya'yan sauran dinyoyi suna waje suna tsere, suna nutso, suna faɗuwa a laka suna tashi, ɗan gora yana jin hayaniyarsu. In ya ce zai fita, uwar ta ce wasan banza ne, zauna in koya maka karatu. Ta koya masa sunan kowane ruwa, na gulbi da na tafki da na kududdufi. Ta koya masa cewa in igiyar ruwa ta ja ka hagu sai ka karkata dama, in shirwa ta sauko sai ka nutse. Ya haddace tas. Tsuntsaye su zo su tsaya a bakin gora su ji yana zubo karatu, su ce kai, wannan ɗa akwai kai.

Yana ci yana girma, bakin gora kuwa yana nan yadda yake. Ranar da ruwa ya taso da ƙarfi, dinyoyi suka tashi sama da 'ya'yansu. Uwar ta zo da gudu ta ce fito, ɗana, fito. Ya miƙo kai, kai ya fita, kafaɗa ta ƙi. Fiffikensa ya lanƙwashe ya bi zagayen gora, ƙafarsa ba ta taɓa miƙewa ba. Ruwa ya ɗaga goran ya yi gaba da shi. Uwar tana bi ta sama tana kuka, shi kuma yana ciki yana ta karatu, wannan ruwan gulbi ne, in ya ja ka hagu ka karkata dama, har muryarsa ta ɓace.

“Ƙurunƙus,” in ji Iya. “Wanda ya tsargu, kansa.”

Lami takan ce, “Iya, ba a cece shi ba? Masunta ba su tsinci goran ba?”

“Uban wa zai cece shi? Ba a fafe gora ranar tafiya.”

Bayan zana sai ka ji cokalin miya ya bugi kwano da ƙarfi, ko Baba ya yi gyaran murya. Wani lokaci ya kira Umma ya ce mata, da muryar da za ta tsallaka, “Ki gaya wa masu tatsuniya riga-kafi ya fi magani.” Iya kuma ta juya wajen kyanwar da ke jiran kan kifi ta ce, “Ke, ki gaya wa telan nan ba a ɗinke yaro kamar aljihu.” Umma, baiwar Allah, tana tsakani, ta rasa inda za ta sa kanta. Ni kuwa ba sai an gaya min ba, na san wane ne a cikin goran. Duk sanda aka yi tatsuniyar nan ina jin haushin dinya, ina jin haushin Iya da take tona min asiri a gaban yara, ina jin haushin kaina.

Da na isa shiga makaranta, Baba ya kai ni wata nazare a cikin gari. Da kansa ya kama hannuna har gaban malamarmu, Malama Binta, ya kafa mata sharaɗi: in an kaɗa ƙararrawar tara yara sun fita cin abinci da wasa, Yusuf ya zauna a aji. Haka aka yi. Ina kan benci ina leƙen taga, 'yan ajinmu suna langa, suna gara taya, 'yan mata suna carafke da tsakuwa a gindin darbejiya. Ni kuma ina maimaita abin da ke kan allo. Wallahi na iya ƙirga da Turanci har inda Malama ta tsaya, Baba yakan tsayar da ni a shago in zuba wa masu kawo ɗinki, su ce tubarkalla. Amma a ba ni gyaɗa a ce raba mana mu uku, sai in tsaya ina kallonta. Fensir kuwa in na riƙe, kamar an ba ni muciya, ya zame ta nan ya karye ta can. In yaro ya yi min magana ban san me ake cewa ba, sai in sunkuyar da kai. Ko kwata ban iya tsallakewa ba, sai an ɗaga ni.

Wata rana da la'asar, bayan ruwa ya janye, Iya ta dawo daga bakin gulbi da daro a kai. Baba yana kasuwa, ranar an bar ni a gida saboda mura. Ta sauke daron, ta ɗaga kifin, ta zaro wani dunƙulen yumɓu baƙi mai sanyi ta dangwara min a tsakiyar tabarma.

“An ce kada ka je ƙasa. To, ga ƙasa ta zo. Yi min saniya, in kai namiji ne.”

Ban taɓa jin abu mai daɗi a hannuna kamar yumɓun nan ba. Na matsa, ya fito ta tsakanin yatsuna. Saniyar farko ta fi kama da ƙwaɗo, Lami ta yi dariya har da faɗuwa. Amma ta zauna a bakin tabarmar ta nuna min yadda ake jan tozo da ɗan yatsa, da yadda ake soka ƙaya a yi ƙaho. Muka yi garke. Muka yi faɗa a kan wane ne mai bijimin, kuma ranar na fara ɗaga murya a kan wani mahaluki. Iya ta ce to, ku raba su daidai, wanda ya ci zalin wani ta fasa duka. Na ajiye ɗaya gabana, ɗaya gaban Lami, ɗaya gabana, ɗaya gabanta, sai na ga ɗaya ta yi saura. A nan, ba a aji ba, na fara gane cewa lambobin da nake rerawa sunan wani abu ne.

Muka ɗan jima muna haka a ɓoye. In Baba ya fita sallar la'asar ko ya sa a kai ni gida da wuri, Iya ta fito da yumɓu daga ƙarƙashin gadonta, Umma ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Kafin magariba a wanke min hannu, shanun su koma bayan randa. Abin da muka manta shi ne farce. Wani dare muna cin tuwo Baba ya kama hannuna ya kai kusa da fitila, ya ga baƙi a ƙarƙashin farcen. Ya saki hannuna. Ya tashi ya zagaya, ya samo garken a bayan randa, ya kwashe a gaban rigarsa, ya kai masai ya zuba. Ina jin faɗuwarsu ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo ya ce wa Umma, “Yau laka, gobe bakin gulbi. Ta haka ake farawa.” Na yi kuka har na shiɗe, kuma ba na jin kunyar faɗa, a daren nan na tsani mahaifina.

Ƙarshen zango Malama Binta ta aika a kira shi. Ina tsaye a gefe ta ce masa ba za ta iya ciyar da ni gaba ba, sai na maimaita aji. Ta ce, “Malam Adamu, yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Hannunsa ne bai yi ƙwari ba, kuma bai san yadda ake zama da yara ba. Don Allah ka bar shi ya fita tara, ya yi gudu, ya yi wasan ƙasa. Rubutun zai zo da kansa.” Baba ya ce shi karatu ya kawo ni, ba kokawa ba, in ba za ta iya ba akwai wasu makarantun. Ya fizgi hannuna muka fito. Kafin mu iso gida labari ya riga mu, don Lami ajinmu ɗaya.

Da magaribar ranar Iya ta hura wuta da wuri. Fuskarta a ɗaure, ko zolayata ba ta yi ba. Ta fara tatsuniyar dinya, amma da ta zo inda ruwa ya tafi da gora ba ta ce ƙurunƙus ba. Ta ɗora. Ta ce uwar ta dawo fadama, tsuntsaye suka zo mata gaisuwa, suna cewa ruwa ya yi mata ta'adi. Sai wani tsohon zalɓe ya ce a'a, ku daina ɗora wa ruwa. Kada ya ci ɗaya, shirwa ta ci ɗaya, na ukun uwarsa ce ta cinye shi da ransa, ruwa goran kawai ya ɗauka.

Sai muka ji an ture kwano. Zana ta motsa, Baba ya zagayo. Tun da nake ban taɓa ganin ya tako wajen wutar nan ba. Yaran maƙwabta suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a kanta, hannunsa da sauran miya.

“Iya, ya isa haka.”

Ta juya masa ƙeya tana gyara kifi.

“Na ce ya isa. Shekara da shekaru ina jin gugar zana ina haɗiyewa. Tunda yau abin ya kai ga ni na cinye ɗana, to a gaya wa yaran nan gaskiya. A hannun wa na bar Sani ranar nan? Wa ya ce masa tafi ka bi yara, namiji ba ya zaman ɗaki? Ni na shiga kududdufin nan, ni na lalubo shi da ƙafata. Masu tatsuniya suna ina?”

Ban taɓa sanin wannan ba sai ranar. Na kalli Umma, ta rufe fuska da mayafi. Wani kifi ya faɗa wuta yana ƙauri, ba wanda ya ciro shi. Iya ta ajiye sandar da take juya garwashi, ta juyo, ta ɗaga kai ta kalli tsakiyar idonsa.

“Adamu.”

Lami ta ƙanƙame hannuna. Jin sunan nan a bakin Iya ya fi min tsawa ban tsoro. Shi kansa Baba sai da ya ja da baya.

“Ni na ce ya tafi. Ni ce. Ba daren da ba na ganin yaron nan, ba sai ka tuna min ba. In Allah zai kama ni a kansa, ga ni. Amma kai wa ya bar ka ka bi yara? Wa ya ɗora ka a kan gora tun ba ka iya ɗaura wando ba? Ƙafar da ka lalubo shi da ita, a ina ka samo ta? Na yi kuskure rana ɗaya, Adamu. Kai kullum kake yin naka, tun safe har dare, kana kallonsa.”

Baba ya daɗe a tsaye. Na ɗauka zai durƙusa, na ɗauka zai ce Yusuf tashi ka je. Ina! Sai ya sunkuya ya ɗauke ni da hannu ɗaya, ya naɗe tabarmar da ɗayan, ya ce daga yau ba na sake zama a wajen hirar nan.

Bayan sati biyu Iya ta ɗaure kayanta ta koma wajen 'yarta a Kafin Hausa. Ta ce gidan da ta kama sunan ɗan fari a cikinsa ba ta iya sake kallon mutanensa. Ba wanda ya kore ta, kuma ba wanda ya ce ta zauna. Da za ta hau mota ta dungure min kai ta ce, “Ragon miji, na sake ka.” Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Aka sauya min makaranta, da sharaɗin nan dai. Baba yana zuwa gaishe ta duk sallah, ta amsa tana kallon bango kamar da. A can ta rasu ina aji uku.

Baba bai taɓa buɗe baki ya ce ya janye dokarsa ba. Ni ne na yi wa tabarmar girma, shi ke nan. Rubutu ya zo, amma da wahala, da bulala, da maimaita aji. Lokacin da na samu 'yancin fita, sa'o'ina sun gama langa sun koma ƙwallo, ni kuwa in na yi gudu sai a yi ta dariya. Iyo kam ban koya ba. Ƙato da gemu ba ya shiga cikin 'yan yara a bakin ruwa ya ce a koya masa, kunya ba za ta bari ba.

Yau ni ne malamin ajin ƙananan yara a wata firamare ta hanyar Malam Madori, kuma ajina ya fi kowane aji ƙara da datti. Akwai tulin yashi a bakin ƙofa, akwai bokitin yumɓu, akwai buhun marafan kwalba. Muna ƙirga da tsalle, muna rubuta baƙaƙe da yatsa a ƙasa kafin mu taɓa fensir. Abin da na gani da idona shi ne, yaron da ya wuni yana murza laka hannunsa ba ya gardama da alli, wanda ya yi rigima a kan dokar langa ya iya tsara magana, wanda ya faɗi ya tashi ba ya tsoron ya yi kuskure a kan allo. Duk zango sai an samu uban da zai zo yana huci, riƙe da rigar ɗansa mai laka, ya ce, “Malam, karatu muka kawo su ko wasa?” Ina ƙoƙarin in yi haƙuri, Allah ya sani. Amma in na ga an nuna min wani yaro tsaf-tsaf a ce wannan kada ya fita, sai in ce a kai shi wani ajin, ni ba na gadin tulu. Shugaban makaranta ya ja min kunne a kan bakina ba sau ɗaya ba.

Da ina ganin tatsuniyar Iya hukunci ce, ita mai gaskiya, Baba mai laifi. Da na haifi nawa sai na gane ita ma dinya ce, wadda kada ya ɗauke wa ɗa a gabanta, ta kuma dage cewa sauran su shiga ruwa. Ban san inda ta samo wannan ƙarfin zuciyar ba. Ranar da na miƙa ɗana Abba ga mijin Lami, wanda masunci ne, na ce ya koya masa iyo, ban iya cin abinci ba sai da suka dawo. Baba, wanda yanzu tsufa ya sa ya ajiye keke yana zaune tare da mu a tsohon gidan, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata. Ban janye ba, shi ma bai janye ba.

Damina biyu da suka wuce jinga ta ɓalle da hantsi. Kafin a ce kwabo ruwa ya shigo unguwa, ja, mai ƙarfi, ɗauke da kara da kaji. Kwalekwalen da ya zo ya kwashi mata da yara ya cika, aka bar ni da Baba, aka ce mu bi bango mu fita tudu. Ruwan yana ƙirjina. Mun zo tsallaka layi, inda aka taɓa haƙa ramin ɗiban ƙasa, sai na taka babu. Na san duk abin da ake cewa a yi, a saki jiki, a karkata, kada a yi kokawa da ruwa. Na sha gaya wa yara. Jikina bai san ko ɗaya ba. Na nutse, na taso, na sha, na sake nutsewa.

Sai na ji an damƙi wuyan rigata ta baya. Baba ne. Tsoho mai ciwon gwiwa, wanda sai da sanda yake zuwa masallaci, ya kwanta a kan ruwan nan yana ja na da hannu ɗaya yana iyo da ɗayan, kamar jiya ya bari. Ya fitar da ni har kan tudu a gaban jama'a. Ina durƙushe ina aman ruwan laka, Abba ya diro daga kwalekwale ya yo iyo wajenmu yana kiran Baba, Baba, ban ma san da wanne yake ba a cikinmu.

Baba ya zube a gefena yana haki. Da numfashinsa ya ɗan dawo, sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, “Sani ya iya gudu. Ya iya tsalle, ya iya hawa katanga. Yana ina? Kai kuwa ga ka.”

Na ɗago. Ina da amsa, na yi shekara talatin ina tanadinta, ga ta a kan harshena da zafinta. Sai na ga hannunsa har yanzu yana damƙe da wuyan rigata, yatsun sun yi fari don riƙo.

Na ce, “Baba, mun fito. Sake ni.”

Bai sake ba.